Yadda za a sanyaya zobo lita 50 cikin awa guda ba tare da an lalata firiza ba

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sana'ar zobo da lemon citta a Agege. Ta ce kullum da yamma tana dafa kimanin lita 50, ta bar shi ya kwana a tukunya, da safe ta tarar da shi da ɗumi, ta ɗura a gora ta jera a firiza. Kafin ya yi sanyin sayarwa rana ta take, wani lokacin kuma kwana biyu kacal gorar ta kumbura, zobon ya fara tsami. Da ta gwada sa shi a firiza da zafinsa, kwamfireso, wato injin firizar, ya ƙone. Tana neman hanyar da za ta sanyaya shi da wuri.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Aikina haɗa ɗakunan sanyi ne da gyaransu, yawanci na masu kifi a Ijora da Apapa, kuma wannan matsala taki ita ce dai muke fama da ita a can, girma ne kawai ya bambanta. Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, ba a ƙera firizar gida don ta zare zafi daga abin da aka sauke daga wuta ba. An yi ta ne don ta tsare sanyin abin da ya riga ya huce. Zafin zobonki ruwa ne zai kwashe kaso mafi tsoka, ƙanƙara ta kwashe saura, firiza kuma ta yi gadi.

Bari mu yi lissafin, don da shi za ki gane inda kuɗinki ke zurarewa. Kowace lita ɗaya ta ruwa sai an zare mata zafi kimanin kilojul 4.2 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ta sauka da digiri ɗaya. Zobonki yana sauka daga wuta a wajen digiri 95, kina so ya kai 5. Tazarar digiri 90 ke nan, sau lita 50, sau 4.2, ya tashi kusan kilojul 19,000. Firizar gida irin mai murfi a sama, ƙarfin sanyayawarta bai wuce wat 100 zuwa 200 ba. Mu ɗauki 150: a awa guda za ta zare kilojul 540. Raba 19,000 da 540, za ki ga awa 35 ne, kuma sai idan wuta ba ta ƙifta ba ko sau ɗaya. Kamar a ɗora wa jaki kayan tirela ne. Kwamfireso zai yi ta gudu ba hutu, gas ɗin da ke komawa cikinsa, wanda shi ne ke sanyaya shi, ya koma da ɗumi, ga wutar unguwa da ba ta cika ƙarfi ba, daga nan sai wayar cikinsa ta ƙone. Duk abin da ke cikin firizar kuma ya narke tare. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024 zuwa sama da naira 200 kowane yunit, ga tsadar man janareto, kowace awa da kwamfireso ya yi a banza daga ribarki take fita.

Barin sa ya kwana kuma shi ne ke jawo tsamin. Abu mai zafi yana hucewa ne gwargwadon tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke kewaye da shi. Daga 95 zuwa 60 tukunya na sauka da ɗan sauri, saboda tazararta da iskar ɗaki tana da faɗi. Da ta kusanto 45 sai ta yi kwance, tunda iskar daren Legas ita kanta tana wajen 26 zuwa 28. Tukunyar lita 50 a rufe takan wuce awa 12 ba ta sauko ƙasa da 40 ba. Wannan ɗumin kuwa shi ƙwayoyin cuta da yis, irin wanda ke kumbura burodi, suka fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a ajiye abinci ko dai ƙasa da digiri 5 ko sama da 60, tsakaninsu ne haɗarin yake. Ƙa'idar masu sayar da abinci a Amurka ta ƙara fayyacewa: daga 57 zuwa 21 kada a wuce awa biyu, kuma gaba ɗaya a kai 5 cikin awa shida. Zobo yana da tsami na asali mai ƙarfi, wannan yana taka wa yawancin ƙwayoyin cuta birki, amma yis da fumfuna ba ruwansu da tsami, sukari suke nema. Iskar da yis ke fitarwa ce take kumbura miki gora. Lemon citta da kunun zaki da shayi mai madara ba su da wannan kariya ta tsami kamar zobo, don haka nasu haɗarin ya fi.

Na san a gida randa ce ke wannan aiki, kuma tana yi. A Kano ko Dutse lokacin bazara iska a bushe take, ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana ƙafewa ya tafi da zafi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Amma Legas bakin teku ce, laimar iska da damina takan haura kashi 80 cikin 100. Iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar ƙari. Jiƙaƙƙen buhu da fanka a nan ba za su kai ki ƙasa da digiri 25 ba, sai ɗan lokacin hunturu. Kada ki kashe kuɗi a wannan hanya.

Abin da nake ba ki shawara ki yi shi ne naɗaɗɗen bututu da za a tsoma cikin tukunya. A samo bututun ƙarfe mara tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira sitenles, mai lamba 304 ko 316, faɗinsa milimita 12, tsawonsa mita 15. A naɗe shi zagaye-zagaye yadda zai shiga tukunya ya bar ɗan fili a gefe, bakinsa biyu su fito sama su lanƙwaso waje, a sa musu tiyo da abin ɗaurewa. Lanƙwasowar nan tana da muhimmanci: idan mahaɗin tiyo ya yi ɗigo, ya ɗiga a ƙasa, ba cikin zobo ba. Ruwan sanyi zai bi ta cikin bututun, zobo yana waje, ba su taɓa haɗuwa, zafi ne kawai ke ratsa ƙarfen.

Mai gyaran firji zai ce miki a yi da jan ƙarfe, irin bututun da muke aiki da shi a na'urar sanyaya ɗaki. Gaskiyarsa ta wani ɓangare, jan ƙarfe yana wuce da zafi fiye da sitenles sau ashirin da wani abu, ga sauƙin lanƙwasawa. Amma ki ƙi. Tsamin zobo yana cin jan ƙarfe, ya narkar da shi cikin abin sha, ya ɓata ɗanɗano da launi, idan ya yi yawa ya sa amai da ciwon ciki. Kuma da yake bangon bututun siriri ne, bai fi milimita ɗaya ba, bambancin saurin a aikace ɗan kaɗan ne. Abin da ke rage gudun zafi ba ƙarfen ba ne, siririn ruwan da ke kwance a jikin bututun ne, wanda ya riga ya huce ya tare wa na bayansa hanya. Maganinsa juyawa. Ki tsaya da ludayi mai tsabta kina motsa zobon a hankali, ko ki riƙa ɗaga bututun kina saukewa. Ki sa hannu a tiyon da ruwa ke fita: da kin fara juyawa za ki ji ya ƙara zafi nan take. Wannan zafin daga tukunyarki ya fito. Kamar jan ƙarfe, tukunyar dalma ma tsami yana cin ta sannu a hankali, shi ya sa cikinta ke yin fari tas da ƙananan ramuka bayan an daɗe ana dafa zobo. Idan hali ya yi, a koma tukunyar sitenles.

Aikin kashi biyu ne. Na farko da ruwan tanki ko na burtsatse, wanda a Legas yake wajen digiri 28. Ki tace zobon da zafinsa, ki zuba sukari tun yana da zafi, ki tsoma bututun, ki mayar wuta ya yi minti goma yana ɓararraka don bututun ma ya tsarkaka. Sannan ki kashe wuta, ki rufe gwargwadon yadda murfi zai zauna, ki buɗe ruwa. Ruwan sanyin ya shiga ta zagayen sama, inda zobon ya fi zafi. Da gudun lita takwas a minti ɗaya, ana juyawa, cikin minti 25 zuwa 30 za ki sauko wajen digiri 35 zuwa 38. Kashi biyu cikin uku na zafin ya tafi ke nan, ba wuta ba ƙanƙara. Ruwan da za ki kashe zai kai lita 200, durom guda, kuma na san a Agege ruwa ba kyauta ba ne. Amma ruwan tsabtatacce ne, bututu kawai ya bi. Na farkon yana fitowa da zafin da hannu ba zai jure ba, ki tare shi a baho ki wanke gora da tukwane da rariya. Na bayan ki mayar durom ya kwana ya huce, gobe ya sake aiki.

Daga 35 kada ki ƙara ɓata ruwan tanki, tazarar ta yi ƙanƙanta, sai dai ya yi ta zuba a banza. A nan ƙanƙara ke shigowa. Ƙarfin ƙanƙara ba a sanyinta yake ba, a narkewarta yake: kilo ɗaya kafin ya zama ruwa yana shanye kilojul 334, daidai da zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri 80. Ki sa bulon ƙanƙara a babbar kula, ki farfasa shi, ki zuba ruwa kaɗan ya rufe shi, ki tsoma ɗan famfon lantarki irin na tankin kifi, ya tura ruwan cikin bututun ya dawo kan ƙanƙarar. Irin wannan famfo wutarsa kaɗan ce, ƙaramin inbata ma zai ja shi. Daga 35 zuwa 5 kilojul 6,300 ne, wato ƙanƙara wajen kilo 20. Da a ce tun daga tafasa kika fara da ƙanƙara, sai kin sayi sama da kilo 50. Wannan kashin ma minti 20 zuwa 30 ne. Ba sai kin dage ya kai 5 cif ba. Idan ya sauko 8 ko 10, ki ɗura a gora, firiza za ta ƙarasa ɗan abin da ya rage ba tare da wahala ba.

Wani alherin wannan tsari shi ne ƙanƙarar ba ta taɓa zobon, saboda haka bulon da ake sayarwa a leda a bakin titi ya wadatar, ko da ba ki san ruwan da aka yi shi da shi ba. In kina so ki rage saye, ki riƙa daskarar da ruwa a robobi duk lokacin da aka kawo wuta. Kilo 20 zai ci wa firizarki kusan awa 17, don haka guda ɗaya ba lallai ta ishe ki kullum ba, sai kin haɗa da na saye. Amma dai kin mayar da wutar da ke zuwa tsakar dare ajiya. Kamfanonin madara ma haka suke yi, suna tara ƙanƙara a tanki lokacin da aiki ya yi sauƙi, su kashe ta lokacin da madara ta iso. Wasu suna zuba gishiri a ƙanƙara, kuma gaskiya ne gishiri yana iya sauke ta har digiri 21 ƙasa da sifili. A wannan aikin ban so. Zobo zai daskare a jikin bututun ya zama bango, gishiri kuma yana huda sitenles a hankali. Ruwan lagireton mota kuwa, mai launin kore ko ja, guba ne, kada ya kusanci inda ake abin sha ko da wani ya ce ya fi ɗaukar sanyi.

Akwai hanya ta biyu wadda ba ta buƙatar bututu, kuma ta fi kowace sauri. Ki dafa zobon da kauri, da rabin ruwan da kika saba, amma ganye da citta da kanumfari da sukari na lita 50 cif. Sauran rabin ruwan ki zuba shi a matsayin ƙanƙara. Lita 24 mai tafasa da ƙanƙara kilo 26 suna ba da lita 50 a wajen digiri 5, cikin 'yan mintuna. Idan kika fara tsoma tukunyar a bahon ruwa kina juyawa kina canja ruwan har ta sauko 35, to lita 37 da ƙanƙara kilo 13 sun isa. Masu kofi a Japan da wannan dabara suka shahara, suna tace kofi mai zafi kai-tsaye a kan ƙanƙara, ƙamshin bai samu lokacin guduwa ba. Zobo ma yana amfana, domin jan launinsa yana dusashewa ya koma ruwan ƙasa idan ya daɗe da zafi. Wanda aka sanyaya da wuri yakan fito ja wur, cittarsa da kaifi.

Sai dai a wannan hanya ƙanƙarar ta zama abin sha, kuma a nan nake roƙon ki da girman Allah. Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot, ajiye su kawai yake yi. Kin tafasa zobo kin kashe komai, sannan ki zuba masa bulon da aka yi da ruwan rijiyar da ke kusa da masai, aka ja shi a ƙasan shago, kin rushe aikinki da hannunki. Ba mu manta da watan Yunin 2024 ba, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, hukumomin lafiya na jihar suka ce suna zargin wani kunun aya mara rajista da aka sayar a yankin Eti-Osa. Bayan rayukan da aka rasa, masu sana'ar abin sha na gida da ba su ji ba su gani ba sun yi asarar ciniki. In za ki bi wannan hanya, ƙanƙarar ta zama wadda kika yi da kanki, da ruwan da kika tafasa ko wanda kika amince ki ba 'ya'yanki, a robobi masu murfi. Haka nan ruwan abarba ko kankana ɗanye da ake ƙarawa bayan an sauke, shi ma ƙofa ce ta yis. A dafa shi tare, ko a san cewa wannan zobon na yini ɗaya ne.

Kada ki ɗura da zafi a gorar ruwa ta roba don ki tsoma ta a ƙanƙara. Irin wannan roba tana fara laushi daga wajen digiri 65 zuwa 70, ta motse, murfin ya daina kamawa. Kamfanonin da ke ɗura lemo da zafi gorarsu daban ce, an gasa ta musamman don ta jure. Roba kuma ba ta wuce da zafi da kyau. Kuma idan kin jera gora a firiza, ki bar tsakani, kada ki cusa su kamar buhun gawayi a mota, na tsakiya ba zai ji sanyi ba sai gobe.

Kunun zaki kaurinsa ya sa ba ya zagayawa da kansa, yana manne wa bututu. Shi faranti mai faɗi ya fi dacewa da shi, a zuba kada zurfin ya wuce santimita biyar, a ɗora farantin a kan ruwan ƙanƙara ana juyawa. 'Yan'uwanmu masu shayi a Obalende da Idi-Araba da ke son gwada shayi mai sanyi za su ga baƙin shayi yana yin hazo idan ya huce. Ba lalacewa ya yi ba, sinadaran ganyen ne ke haɗewa, kuma ya fi faruwa idan shayin ya yi kauri ko ruwan yana da gauri. A rage daɗewar ganye a ruwa, a tace a kan ƙanƙara mai tsabta, madara kuma a zuba ta lokacin miƙa wa mai saye.

Idan Allah ya buɗa kasuwa kika haura lita 200 a rana, bututun cikin tukunya zai gaza. A nan ake komawa na'urar musayar zafi mai faranti: siraran farantan sitenles masu gurza-gurza a matse da juna, zobo yana bi ta wani tsakani, ruwan sanyi ta na kusa da shi, suna tafiya kishiyar juna. Wannan kishiyar tafiyar ce sirrin. Zobo mafi zafi yana gamuwa da ruwan da ya riga ya ɗumama, wanda ya kusa hucewa kuma yana gamuwa da ruwa mafi sanyi, saboda haka akwai tazara tun daga farko har ƙarshe. Lita 50 da ta ci miki durom guda, a nan lita 70 zuwa 80 na ruwa za su sauke ta, cikin daƙiƙoƙi kowane ɗigo yake hucewa. Richard Seligman ne ya fito da irinta ta kasuwa a Ingila a 1923 don masu madara, kuma har yau da ita ake dafa madara a digiri 72 na daƙiƙa 15 a sanyaya nan take. Amma a wannan na'ura zobon ne ke shiga ciki, inda ido ba ya gani. Dole a tace shi sosai, a kuma wanke ta kullum da ruwan soda mai zafi. Ki nemi wadda ake kwancewa a buɗe farantan, ba wadda aka like da jan ƙarfe ba. Kada kuma a manta da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tsabtar kayan aiki tana cikin abin da suke dubawa. Akwai masu sanyayawa ta hanyar zuƙe iska daga tanki har ruwa ya tafasa ba wuta, tururin ya tafi da zafi. Tana da sauri, amma tana da tsada, kuma ƙamshin citta da kanumfari yana bin tururin ya fice.

Kafin ki sayi komai, ki fara da ma'aunin zafi mai tsinke irin na masu gashin burodi. Yau da daddare ki auna tukunyarki bayan awa biyu, ki sake aunawa da asuba, ki rubuta. Bututun kuma a neme shi wajen masu sayar da kayan sitenles, sabo, ba wanda aka ciro daga wata masana'anta da ba a san abin da ya bi ta cikinsa ba. Ki tafi wa mai lanƙwasawar da tukunyar kanta ya auna, ki ce masa ya cika bututun da busasshen yashi kafin ya naɗe don kada ya karye a gwiwa, ya bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin zagaye da zagaye yadda soso zai shiga, kuma kada a yi walda ko ɗaya a sashen da zai nutse cikin zobo. Bayan kowane aiki ki wanke bayansa, ki kifa shi ruwan ciki ya tsiyaye, ki rataye shi inda ƙura ba ta kai.